Bugun da Ke Jiran Ƙafar Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah Ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa da mu. Nan gida sai godiya. Gwaggo ta daina kukan gwiwa, ta koma kukan maƙwabta. Baba jiki da sauƙi, bakinsa ya warware, yana cin abinci da hagu, amma likita ya ce mu cire rai hannun daman zai sake taɓa ganga.

Yaya, na yi ɓarna, kuma ban da kai ba wanda zan iya gaya wa. Ka tuna wata biyu kafin ciwon shanyewar ɓarin jikin nan ya kayar da Baba na lallaɓa shi zuwa sutudiyon da nake aiki, na kafa masa makirufo, na naɗi kiɗansa na kusan minti ashirin. Da na buɗe shi a kwamfuta, sai na ga abin da ya tsinka min zuciya. Manhajar da muke gyaran kiɗa da ita tana da layuka a tsaye kamar na littafin lissafi, kowane bugu da layin da ya kamata ya faɗa. Na Baba uku suna faɗawa daidai, na huɗu kullum sai ya makara kaɗan. Na ce tsufa ne ya kama hannunsa, ba zan bari duniya ta ji ba. Na danna abin da ke jawo kowane bugu ya zauna a kan layi, na haɗe aikin, har ina yaba wa kaina. Da kwamfutar ta cika, mai sutudiyo ya ce a rage kaya, ni da hannuna na share na asalin. Garin neman gira na rasa ido.

Makon jiya Baba ya ce in sa masa kiɗansa ya ji. Na ajiye masa lasifika a gefen katifa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko wane yaro ne wannan. Ya ce hannun yaron da kyau, amma ba ya jiran kowa. Ya ce shi tun ranar da ya fara ganin Inna tana rawa yake jan bugu na huɗu, saboda ƙafarta ta hagu da take ja, yana jira sai ta sauke ta. Bayan rasuwarta ma hannun ya ƙi daina jiran. Ya ce in daina tsokanarsa, in kawo masa nasa. Na ce to, gobe.

Yau goben nan ta kwana tara. Gaba kura, baya sayaki: in na faɗi gaskiya na karya masa zuciya, in na yi shiru kullum da safe sai ya bi hannuna da kallo. Da an tashi cin abincin rana nake kulle kaina a ɗakin sutudiyon nan marar taga, bango duk soso, ko ihu na yi ba mai ji. Ina kama bugu na huɗu ɗaya bayan ɗaya ina ja da shi baya, sun fi ɗari huɗu. In na ja kaɗan sai ya zama kamar na inji, in na ƙara sai ya zama kamar na mashayi. Mai sutudiyo ya leƙo ya ce bai taɓa ganin wanda ake biya ya gyara kiɗa ba, ya zauna yana ɓata shi. Na yi dariya don dole.

Matsalar ita ce ban san abin da nake nema ba. Ina goye Inna ta rasu, ban taɓa ganin tafiyarta ba, balle rawarta. Kai ka gani. Don Allah, Yaya, ka sami wuri shiru, ka kunna wayarka, ka rufe ido, ka buga min a kan tebur yadda ka san Baba yana jiranta. Kada ka gyara, ko ka ji kamar ka yi kuskure. A kan naka zan auna sauran. In Baba ya ji ya gane, alhamdulillahi. In bai gane ba, zan durƙusa in faɗa masa da bakina.

Ka gaida min Anti da Kawu, da mai sunan Baba. Mai sunan Inna kuwa, na ji ta fara tafiya. In tana tahowa ka jira ta, kada ka ce ta yi sauri. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanenka da ke zuba ido,
Auta