A Ba Mu Mukullin Akwatin Wutar Rijiyarmu

Zuwa ga Shugaban Sashen Ayyuka na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Sunana Sani, mai gyaran rediyo da fanka a bakin kasuwar ƙauyenmu. Na zo ofishinka sau huɗu ban same ka ba, kuɗin mota kuma ya fi ƙarfina a wannan tsadar, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Rijiyar burtsatsen da hukuma ta haƙa mana ta tsaya tun farkon damina, ga shi har an yanke gero. Wannan ne karo na uku. Biyu tsawa ce ta jawo, ɗaya kuma ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi bayan dogon ɗaukewa. Kowane karo abu ɗaya ke ƙonewa: allon da ke cikin akwatin wutar injin. Sai mu yi watanni muna jiran ɗan kwangila, ya zo ya sa sabo irin na da, ya garƙama kwaɗo, ya tafi da mukulli.

Na biyu. Akwai wani ɗan abu da muke kira baristo, shuɗi, kamar maɓallin riga mai ƙafa biyu. Idan wuta tana daidai, zaune yake shiru. Da zarar ta yi tsalle, sai ya janye ta, fis ya tsinke, allon ya tsira. Wani lokaci shi ma ya ƙone, a cire a sa wani. Ban ce maganin kowace masifa ba ne, amma shekara da shekaru ina sa shi a kayan mutane, na ga amfaninsa da idona. Kuɗinsa bai kai na kwanon gero ba.

Ranar gyara na biyu na leƙa akwatin. Ga gurbinsa nan a jikin allon, huji biyu, babu komai a ciki. Na nuna wa injiniyan da ya zo, cikin ladabi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni a wace makaranta na samo takarda. Mutane suka yi dariya. Har yau idan na wuce majalisa sai wani ya ce ga Injiniya nan. Na daina amsawa, amma wallahi abin yana yi mini ciwo.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Yanzu ruwan tsohuwar rijiyar fadama muke sha, ruwan da idan ya kwana a randa sai ka ga laka a gindi. 'Ya'yana maza duk suna birni neman abinci. Ni nake ɗaura jarkoki a keke kowace safiya, ga gwiwa ta ƙi. Mai ɗakina, Hajara, ta kwanta da zazzaɓin taifot sau biyu a daminar nan. Malamin asibiti ya ce a riƙa tafasa ruwa, ita kuma ta ce da wane itacen, tunda karan bara ya ƙare tuntuni. Ta rame har awarwaronta na zamewa. Ina tsoron kwanciya ta uku.

Ranka ya daɗe, na gaji. Na gaji da turin keke, na gaji da zaman benci a ƙofar ofis. Mai unguwa ya hana a fasa kwaɗon, ya ce kayan hukuma ne, na kuma bi maganarsa.

Roƙona kaɗan ne. A gyara mana allon kafin rani ya shigo rijiyar fadamar ma ta ja baya. A sa baristo da fis kafin a rufe akwatin. A bar mukulli ɗaya a hannun mai unguwa, don idan fis ya tsinke mu sauya a ranar.

Idan kuma dole sai mai takarda ne zai taɓa, to a turo shi. Ina da baristo guda biyar a gwangwani, zan ba shi kyauta. Zan tsaya a bayansa in nuna masa hujin da yatsa ba tare da kowa ya gani ba, a rubuta cewa shi ya gano. Ni dai Hajara ta sha ruwa mai kyau.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya kare gidanka daga irin ruwan da muke sha.

Wassalam.

Sani mai gyaran rediyo