Gurmin da nake kaɗa wa Baba

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana, don a unguwarmu ko tari ka yi sai an san na wane ne. Don Allah ku ba ni shawara, tun Litinin na kasa zama wuri ɗaya, ko a rumfa sai kai-kawo nake kamar wanda ya yar da makullinsa.

Ni baduku ne, aikin fata nake a kasuwar Kurmi, jaka da takalmi, wani lokaci a kawo min gurmi ko garaya in sake musu fata. Garin gwada tsirkiya ne hannuna ya saba, ban koya wajen kowa ba, ban iya waƙar kowa ba, abin da ya zo min kawai nake kaɗawa. Mahaifinmu kuwa malami ne, tun kafin a haife ni yake karantarwa a zauren gidanmu a cikin gari, kuma ba ya ƙaunar kiɗa ko da na biki ne. Ina yaro ya taɓa karya min sarewar kara a gaban ɗalibansa, har yau ban manta ba.

Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke, tunani ya rikice, ya daina gane mu. Da safe lafiya lau, amma da an yi la'asar, lokacin da ya saba fita zaure, sai ya birkice, ya yi ta nishi yana jan jiki zai sauka daga gado. Maganin da aka ba mu a asibiti kwantar da shi yake har washegari, ko abinci ba ya iya ci. Mun sa masa karatu a waya, yana so, sai dai ya yi ta ƙoƙarin bi, harshe ya ƙi, ya fashe da kuka, mu ma mu taya shi.

Wata rana ni ke jinya, na zo da gurmin wani ina ƙarasa ɗaure shi a bakin ƙofa, na ɗan taɓa tsirkiyar, sai na ji Baba ya yi shiru. Na ci gaba a hankali, ina bin numfashinsa, in ya yi sauri in ja kiɗan baya, har ya saki zanin gadon da ya damƙe. Na gwada ɗauka a waya don a riƙa sa masa, bai yi aiki ba, sai ina zaune ina kallon ƙirjinsa. Wata uku muna haka, Hajiya mahaifiyarmu tashi kawai take ta rufe mana taga.

Ran Litinin Yaya Babba, wanda ya gaji zauren, ya shigo ya same mu. Ya ce maƙwabta har sun fara tambaya ko bori ake a gidan Malam. Wannan bai dame ni ba, abin da ya soke ni shi ne da ya ce mutum ya ƙare rayuwarsa yana hana abu, ni kuma na jira sai da ya kasa cewa a'a sannan na ɗura masa a kunne. Na ce ai magani ne, ya ce ni likitan ina ne. Ya ba ni zuwa Juma'a in yi rantsuwar na daina, ko ƙafata ta fita daga ɗakin Baba.

Na daina kwana biyu, a na biyun Baba ya faɗo daga gado, goshinsa ya fashe. Jiya na kasa jurewa na sake ɗaukowa. Ina cikin yi sai ya miƙo hannunsa mai lafiya ya riƙe wuyan hannuna, ya dube ni, ya kira sunana. Rabon da ya kira sunan wani a cikinmu tun ranar da ya kwanta. Hawaye na zubo masa, kuma bai sake ni ba.

To ni ban sani ba, riƙe ni ya yi don in daina, ko don kada in tafi? In na rantse, wa zai tare shi da yamma? In na ƙi, da wane ido zan dube shi gobe ƙiyama? Malamai da masu jinya irina, ku faɗa min gaskiya ko da zagi ne. Yau ce Juma'ar, gurmin na cikin buhu a gefena, kuma an kusa kiran la'asar.