Banatin Kaka

Litinin, 3 ga Maris

Baba ya sa na fito da akwatin nan kuma. Banati goma sha ɗaya, wuƙaƙen da sojoji ke ɗaurawa a bakin bindiga. Tun da idonsa ya tafi, da yatsa yake karanta su: wannan zobensa da faɗi, wancan kwarminsa ya kai tsini, wancan ƙotar ƙarfe. Ni duk tsatsa nake gani. Biyu iri ɗaya ne sak. Ɗaya ya saya, ɗaya na mahaifinsa ne, Kaka. Ƙaramin hatimin maƙera a gindin kaifi ne kawai ya raba su.

Laraba, 5 ga Maris

Yana masallaci na goge tagwayen da samfefa. Sai ƙyalli. Na ce yau zan sha albarka.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya shafa, ya sake shafawa. "Uwata, ina hatimin?" Na cinye shi da gwanintata, a duka biyun. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi in mayar. Kunya kamar in nutse.

Asabar, 8 ga Maris

Bai nemi akwatin ba.

Talata, 11 ga Maris

Na kwashe tagwayen zuwa ɗakina. Na gwada zobe da zare, na danna maɓallan da ke jikin ƙota, na auna kube. Duk ɗaya. Haushi ya sa na rufe ido na riƙe su yadda yake yi. Katakon ƙotar ɗaya ya lotsa, wurin babban yatsa, amma a gefen da bai dace da hannuna ba. Na sauya hannu. Ya zauna daram.

Na same shi a tsakar gida. "Baba, Kaka bahago ne?" Ya karɓa da hagu, ya shafa ƙotar. Sai dariya, sai hawaye. "Shekara arba'in ina bin hatimi, ashe hannunsa na nan." Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Yaya ya zo, wai a kai tarkacen nan sito tunda Baba ba ya gani. Na ce a bar su a ɗakina, sito akwai danshi. Danshin ne kawai dalili. Na dai sayo man shafa musu, kuma gobe Baba zai koya mini mai kwarmi biyun nan.