Kifin da Muka Ja Ni da Ita

Deptford, Landan
19 ga Oktoba, 1975

Zuwa ga Yayata Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Kin ce da sauƙi, amma na san Inna, ko rarrafe take yi cewa za ta yi da sauƙi. Allah ya ƙara mata lafiya. Na ji daɗin labarin haihuwar Jamilatu, Allah ya raya. Mu ma lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa, rana kuwa tun la'asar take sallama da mu. Malam ya gama jarrabawarsa, aiki na jiransa a Kaduna har da gida da mota, ni ma na karɓi takardar ungozoma. In Allah ya yarda watan Disamba muna hanya. Kowa komawa yake yi tunda aka ce ƙasa ta yi kuɗin mai. Rwang da matarsa Dinatu, mutanen Jos da ke ɗakin samanmu, ƙarshen wata za su tashi. In Dinatu ta tafi ban san da wa zan yi hira a gidan nan ba, don Malam tun can ba gwanin magana ba ne.

Maganar yarinyar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san tun tana jaririya muka kai ta riƙo wajen Jane da mijinta Bernard a Ramsgate, wani gari a bakin teku, saboda ni kullum ina asibiti, Malam yana makaranta, ga ɗaki ɗaya. Haka yawancin ɗalibai ke yi a nan. Sau ɗaya a wata mukan hau jirgin ƙasa mu je, mu sha shayi, mu dawo. Tsakani da Allah sun riƙe amana, su kuwa Allah bai ba su haihuwa ba. Yanzu shekararta shida. Da muka ce musu za mu koma gida, sai Jane ta roƙe mu mu bar mata ita har ta gama firamare. Malam ya ce shi bai ga aibu ba, riƙo ba baƙon abu ba ne wajenmu, ni kaina ai a hannun Gwaggo na tashi. Ni kuwa maganar ba ta kwanta mini ba. Bernard masunci ne mai jirginsa, shi ya ce mu fita teku gaba ɗaya mu wuni tare da ita kafin a yanke shawara. Na gayyaci Dinatu da mijinta don in samu wadda zan kalla in abin ya fi ƙarfina.

Yaya, ni da aka yanke wa cibiya a bakin Kwara, na ɗauka na san ruwa. Ashe wanda bai bar gida ba shi ke cewa tuwon uwarsa ya fi na kowa. Ruwanmu na Yawuri ko ya yi ambaliya kana hango gaɓa, kana jin wani yana kiran wani daga kwalekwale. Wannan kuwa da muka yi nisa gari ya ɓace, sai ruwa toka-toka ta ko'ina, sama ma toka-toka, babu mai wanki, babu mai ɗiban ruwa, babu wanda zai ce maka sannu. Ban taɓa jin nisan gida irin na ranar ba. Malam ya sha kwat kamar mai zuwa ɗaurin aure, amma tun kafin a kashe inji ya rungume bokiti, bai sake shi ba sai da muka dawo. Bazazzagi da teku! Rwang ya yi ta tsokanarsa, in ya hango babban jirgi can nesa sai ya ce siminti ne za a kai Legas, Malam ya ɗaga hannu ko za su rage masa hanya. Na yi dariya, amma idona na kan yarinyar. Tana cikin rigar ruwa ruwan ɗorawa, tana yawo a jirgin kamar tsakar gidansu, ita ke miƙa wa Bernard tsutsar da ake sa wa ƙugiya, ita ke nuna wa Dinatu yadda ake sakin zare har dalma ta taɓa ƙasa. Ni dai ta gaishe ni da ladabi da safe, shi ke nan.

Wajen azahar Bernard yana can baya yana warware zaren Rwang da ya harɗe, sai na ga sandar kamun kifin yarinyar ta lanƙwasa, abin yana neman fizge ta. Ni ce kusa. Ban san lokacin da na tashi na rungumo ta ta baya ba, hannuna a kan nata, muna naɗe zare muna saki yadda Baba yake yi da giwan ruwa. Ina jin bugun zuciyarta a hannuna, gashinta yana warin sabulun Jane. Ni da ita muka yi ta ja har kifin ya taso, wani ƙato mai gemu ɗaya da suke kira kod, ya kusa kai tsawonta. Bernard ya zo ya ɗauko shi da ƙugiyar hannu, kowa ya yi ta tafi, har Malam ya ɗago kai daga bokiti. Ita kuwa ta zame daga hannuna ta ruga wajen Jane tana kiran Mami ta zo ta gani. Na tsaya riƙe da sandar, ban san inda zan ajiye ta ba.

Da aka zauna cin abinci Jane ta kawo mini shayi ta zauna kusa da ni. Ba da mugunta ta faɗa ba, na ga hakan a fuskarta. Ta ce ta ji daɗi da ta ga na riƙe yarinyar, don kwanakin baya yarinyar ta tambaye ta wai me ya sa matar nan ta Landan ba ta taɓa kiran sunanta, ko mantawa take yi, kuma me ya sa ba ta ɗaukarta. Yaya, sai na ji kamar jirgin ya juya da ni. 'Yar fari ce, ga sunan mahaifiyar Malam, ta yaya zan buɗe baki in kira shi? Inna har yau ba ta taɓa kiran sunanki ba, amma wa ya isa ya ce ba ta son ki? Na yi ƙoƙarin bayyana wa Jane alkunya, Turancina duk ya gudu. Dinatu ta taya ni, ta ce a wajen Hausawa hakan mutunci ne, son yana nan a ciki. Jane ta gyaɗa kai irin na wanda ba ya son musu. A gida akwai kaka da gwaggo da maƙwabta da za su raɗa wa yaro cewa wadda ke kawar da kai ɗin nan ita ta fi kowa son ka. A nan babu wanda ya faɗa mata, ni kuma ban taɓa tunanin sai an faɗa ba.

A hanyar dawowa yarinyar tana zaune ita kaɗai tana jefa wa tsuntsaye hanjin kifi. Na daɗe ina kallonta, ga Malam a gefe. Can dai na runtse ido na kira ta, na ce Luba. Malam ya dube ni. Ta waiwayo da murmushi, ta amsa da Turanci ta ce na'am Anti. Ba ta yi laifi ba, abin da ta sani ke nan. Na ce mata kifinta ya yi kyau, ta ce ta gode, ta koma ga tsuntsayenta. Bernard ya naɗe mana rabin kifin a jarida muka hau jirgin ƙasa da shi. A gida da an rarraba wa maƙwabta kafin magariba, nan kuwa daga mu sai su Dinatu. Na soya, na kasa ci.

Washegari na faɗa wa Malam ba zan taka matakalar jirgin sama ba sai da ita. Ya ce in yi tunani, za ta sha kuka, Jane ma haka. Na ce na sani, kuma ba na jin daɗin abin da zan yi wa baiwar Allahn nan da ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in na bar ta wasu shekarun zan dawo in tarar da baƙuwa mai kama da ni. Ya ce to, Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Yanzu duk Asabar nake zuwa Ramsgate ni kaɗai, jiya ma na je, ta bari na yi mata kitso, ko da yake ta ce hannuna da zafi. Abin da nake so ki faɗa mini, Yaya, ke ce kika goya ni zuwa gidan Gwaggo ina kamar shekarunta. Ni na manta, ke ba ki manta ba. Na daɗe ina kuka? Me aka yi mini na daina? Kada ki sassauta mini, ki rubuto gaskiya kafin Disamba, don ina jin tsoro.

Ki gaida Inna da kyau, ki ce ta sa mu a addu'a. Ki gaida Gwaggo, da Kawu Nata'ala, da Jamilatu da jaririnta, da Uwaisu in ya zo hutu. Malam yana gaishe ku, ya ce ko a Kwara ba zai ƙara shiga kwalekwale ba. Ki faɗa wa yaranki 'yar uwarsu tana zuwa, ba ta jin Hausa, kada su yi mata dariya. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarki,
Shafa'atu, uwar Luba