Mama ta farke cikin jitar da muka saya mata

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure, ban ma san ta inda zan fara ba. Ni ce babba a gidanmu, ina aiki a banki. Ƙannena biyu ne, namiji lauya, sai autarmu da ke aikin jinya. Mahaifiyarmu ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da aikin lantarki a makarantar koyon sana'a, bara ta yi ritaya. Mace ce mai kamun kai, ko dariya ba ta yi da ƙarfi. Muna yara in ta shigo falo, har talabijin sai an rage masa murya.

Da ta ajiye aiki muka tambaye ta abin da take so mu yi mata. Ni na zaci za ta ce kujeru ko sabon firji. Anti, wai jita take so, mai aiki da lantarki, irin ta masu kiɗa a kan dandamali! Auta ta fashe da dariya har da riƙe ciki, Mama ta bi ta da wani kallo, dariyar ta maƙale. Ta ce mai arha take so, ko ta hannu ce babu laifi, in dai da noti aka ɗaura wuyanta. Har mun kai bakin ƙofa ta sake tuna mana maganar notin.

Muka koma gefe muka yi shawara. Ƙanena ya ce shi dai ba da shi za a ce uwar lauya tana rungume da jitar gwanjo ba. Ni ma abin da ke raina ke nan. Na ɗauka kawaici take mana don kada ta ɗora mana nauyi. Muka shiga shago muka nuna wadda aka rataye can sama, ja, tana sheƙi kamar ka lasa. Maganar noti babu wanda ya ƙara tunawa. Da muka kai mata, ta juya ta, ta leƙa bayan wuyan, ta shafa wurin da ɗan yatsa. Can ta sa mana albarka. Muka fito muna jin mun yi abin kai.

Ranar Asabar da la'asar na kai mata jikokinta. Ina tura ƙofa ƙauri ya tare ni. Jitar tana kwance a kan teburin cin abinci, an cire tsirkiyoyinta, ciki a buɗe, wayoyi sun zubo waje kamar hanjin kaza. Jan fentin nan an bi rabinsa da sanfefa, itace ya fito fari fat. Notoci kuma an jera su, manya daban, ƙanana daban, a cikin kofunan shayin baƙi, waɗanda tun muna yara ko taɓa su ba ma isa yi ba. Mama na zaune da tabarau a ƙarshen hanci, ƙarfen narka dalma a hannunta. Salati kawai na saki.

Abin da ya fi tayar min da hankali, wuyan ya tsage daga gindi. Ashe da gam aka manne shi. Wai tsirkiyoyin sun yi wa yatsunta nisa, ta so ta ɗan gyara zaman wuyan, shi ne ya dare. Ta ɗago ko a jikinta, ta ce in janye yaran kada su ƙone, wai ita malamar waya ce, ba kafinta ba, kuma ai ta faɗa mana mai noti.

Na ɗauki hoto na tura wa ƙannena, kuma da na san abin da zai biyo baya da ban tura ba. Lauya ya ce mai hankali ba ya yin haka. Ya nemo likitan ƙwaƙwalwa, ya ce Mama ta daina zama ita kaɗai, ta dawo gidansa, a kwashe kayan aikinta. Auta sai kuka, wai ta sha ganin yadda abin ke farawa a asibiti. Magana ta koma kunnen Mama. Yanzu ba ta ɗaga wayarsa. Ni ta kira, ta ce in ni ma ina ganin ta taɓu in faɗa mata a fuska, in ba haka ba in sayo mata abin da ta ce tun farko. Har yau ban ba ta amsa ba.

Anti, ciwo ne? In kuma ba ciwo ba ne, wace iri zan saya? Ni jita ko riƙe ta ban iya ba.

Taki, 'Yar fari mai ruɗewa

'Yar'uwa, na bi wasiƙarki daga sama har ƙasa ina neman alamar ciwo, kuma na same ta, sai dai a kunnuwanku take. Baiwar Allah ta ce mai arha, mai noti. Banki da kotu da asibiti suka haɗu suka kasa riƙe wannan har zuwa bakin shago.

Ban raina zafin da kuka ji ba. Ƙauna ce ta sa kuka nuna ta can sama, ko da yake akwai ɗan son a gani a ciki, kuma ganin kyautarka a farke yana da ciwo. Ita ma Mama da nata laifin. Da ta ga wuyan da gam ne, kamata ya yi ta ce ku mayar a canza. Ta sa albarka ta yi shiru, ta bari sanfefa ta yi magana.

Amma ki duba abin da idonki ya gani. Matar da ta ware notoci manya da ƙanana, ta tuna abin da ta faɗa muku ba ragi, ta san inda ta yi kuskure, ta kuma kula kada jikoki su ƙone, ba ita ake kwashe wa kaya ba. Auta ta san alamun da ake dubawa: mantuwar sunayen na kusa, ɓata a hanyar da aka saba, maimaita tambaya ɗaya, barin wuta a kunne. In kun ga waɗannan, a ga likita, da saninta da yardarta. In ba ku gani ba, ki ce wa lauya ya ajiye shari'ar nan ya je ya ba uwarsa haƙuri. Akwai mutanen da daɗin jita a wurinsu shi ne su buɗe ta su mayar da ita tasu, kuma shi ya sa suke neman mai arha, wadda hannu ba ya rawa in za a huda ta.

Ki kira ta yau, ki ce za ku shago tare. Ku nemi wadda notocin wuyanta ke bayyane a baya. Ta ɗaga ta zuwa ido ta hango tsawon wuyan, ya zama a miƙe, bai murɗe ba. Ta bi gefensa da tafin hannu, kada ƙananan ƙarafan da aka jera a kansa su karce ta. Wuya da gangar jiki su ne abin dubawa, sauran duk ana canzawa. Ta fi sauƙin aiki in wayoyi da maɓallan suna jikin faifan roba guda da ake kwancewa gaba ɗaya. Ku zaɓi siffar da ta cika kasuwa don kada kayan gyara su yi wuyar samu. A jona ta a shagon ku ji tana fitar da sauti. Ƙarce a fenti kada ya dame ki, kin ga abin da Mama ke yi wa fenti. Hatsarin wuta yana cikin akwatin ƙara sauti, amma wannan ba ni zan koya wa malamar lantarki ba.

Ja mai sheƙin kuma kada ku zubar. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyinta, masu ɗaukar sauti, su ne rabin tsadarta, kuma lafiyarsu ƙalau. Ki tambayi Mama ko za su zauna a jikin sabuwar. In ta ce e, duk ranar da ta kaɗa, kyautarku ce za ku ji tana tashi a falon.

Ki haɗa mata da ɗan akwatin zuba notoci, kofunan baƙi su huta. Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana, ku kuma ya buɗe muku kunne.