Farin Rufin Ɗakin Inna

Taura, Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yayana Maharazu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Mashkura da yara. Yaya Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare mana ku a wannan nisa, ya sa albarka a nema. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙarfinta, sai gwiwa da ke matsa mata in ta daɗe a zaune. 'Yarka Ummi da Inna take riƙo ta yi tsawo har ta kusa kamo ni, ta yi nisa a hadda, bakin nan nata kuma yana nan yadda ka san shi. Maigidana Malam Hussaini ya gama sharar gona, ruwan shuka kawai ake jira.

Kada ka yi mamakin ganin rubutu maimakon kira. Duk sanda ka bugo, kafin in ce uffan Inna ta miƙo hannu, in kuwa ta karɓi wayar sai katinka ya ƙare. Maganar da ke raina ba ta gabanta ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo maka. Don Allah ka karanta har ƙarshe, ban da irin karatun nan naka na layin farko da na ƙarshe.

Maganar rufin ɗakin Inna ce. Da ka zo da Sallah ka ce a ɗaye tsohon kwanon a sa sabo kafin damina, ka bar aikin a hannun ƙaninmu Kamilu. To Kamilu ya dawo daga Dutse da wata shawara. Ya ce a wurin aikinsu an gyara rufin wani babban sito ba tare da an cire ko falle ɗaya ba. Wani ruwa ne mai kauri da ake kira silikon, a wanke kwanon, a kankare tsatsa, a shafa shi da rola kamar fenti, in ya bushe ya zama fata guda ya toshe ramin ƙusa da mahaɗar kwano duka. Inna da ma abin da take gudu shi ne a yaye mata ɗaki a fito da kayanta tsakar gida kowa yana leƙe, saboda haka tun bai rufe baki ba ta amince. Kuma tsakani da Allah aikin ya yi kyau. Rufin ya fito fari fat, daga bakin titi kana hango shi. Zafin bazarar nan da ya hana kowa sakat, ɗakin Inna ne mafakarmu. Da aka yi ruwan farko ko ɗigo bai sauko ba, har ta kwashe robobin nan da take jerawa tana tarar yoyo ta rabar.

Da ka ga Kamilu a kwanakin nan da ka yi dariya. Mutanen unguwa suna shigowa kallo, shi kuma ya goya hannu a baya yana bayani sai ka ce shi ya ƙirƙiro abin. Inna ta yi ta sa masa albarka a gaban jama'a. Ka dai san yadda ya tashi a gidan nan, kullum shi ne yaro, komai sai an ce a jira Yaya. Wannan ne karo na farko da aka damƙa masa abu ya yi aka yaba, kuma Inna ta fi shi jin daɗin hakan.

Sai dai akwai abin da ba a gaya maka ba. Ka tuna duwatsun Baba, Allah ya jiƙansa, waɗanda ya ɗauko daga wajen Dutse a bayan motar gyaɗa saboda ƙasarmu ta yashi ce? Duk shekara kafin ruwa ya sauka zai kafa tsani ya hau, ya gyara musu zama a kan rufin ta gefen gabas tare da tsofaffin tayoyin nan, mu kuma muna ƙasa muna jin kunya wai gidanmu ya yi kama da na ƙauye. Masu shafen sun sauke su duka, don sun ce sai fuskar kwano ta zama fes, kuma suka ja kunne kada a mayar, za su yaga shafen ruwa ya shiga ta ƙasa. Kafin mu ankara duwatsun sun watse a unguwa. Maƙwabciyarmu Bilki ta yi murhu da wasu, wani yana tokare da ƙofar garken awaki, sauran ban ma san inda suka yi ba. Abin da Kamilu bai lissafa ba shi ne, siton nan na Dutse ƙarfe ne ke riƙe da kwanonsa. Namu katako ne da ya girme ni, kuma babu wanda ya buɗe silin ya duba shi, tunda Inna ba ta son a taɓa mata cikin ɗaki.

Na fara lura da wani gari mai laushi ja-ja a kan zanen gadonta. In na kakkaɓe da safe, kafin azahar ya dawo. Rannan da ta shiga bayi na taka kujera, na ɗaga silin ta kusurwar da ya ɗan saki, na zura muciya na taɓa katakon. Yaya, muciyar nan shigewa ta yi kamar na soka ta a tuwo. Gara ta cinye cikin, ɓawon ne kawai ya rage, ƙusoshin kuma ba abin da suke riƙe da shi. Ashe shekarun nan nauyin duwatsun Baba ne ya danne rufin. Da can yoyo yana nuna mana inda ya lalace, mu ɗaga kai mu duba. Yanzu ɗakin ya bushe ƙayau, ba mai ɗaga kai.

Ranar Alhamis bayan la'asar hadari ya taso daga gabas da iskar nan ta farkon damina. Ina tsakar gidan Inna ina kwashe shanya, sai na ji wata ƙara a sama. Na ɗaga kai na ga gefen gabas na rufin ya ɗaga. Ba falle ɗaya ba irin na da, da zai yi ta kaɗawa a hau a buga masa ƙusa. Gefen ne gaba ɗaya, tunda shafen ya haɗe su, ya tashi har na hango haske tsakaninsa da bango, sannan ya koma ya zauna. Haka ya yi ta yi, ya ɗaga ya koma kamar ƙirjin mai barci, har iskar ta lafa. Na watsar da shanyar na ruga. Da na faɗa ɗakin, Inna tana zaune a kan darduma da carbi a hannu, garin katako a kan mayafinta. Ko kallon sama ba ta yi ba, ta ce mini iska ce kawai, in je in ƙarasa kwashe kayana.

Na kira Kamilu na gaya masa, ya hau ni da faɗa. Ya ce da ma ni ban taɓa ganin ya yi abin kirki ba, da Yaya ne ya yi aikin da ba wanda zai ce tak, ya kashe wayarsa. Malam Hussaini ya kawo bulo zai ɗora, Inna ta fito ta tsaya a gindin tsanin ta ce ba mai hawa ya ɓata aikin yaron nan. Na roƙe ta ta koma ɗakinka da ke kulle ba kowa, ko zuwa ƙarshen damina ne. Ta ce in ta bar ɗakin da aka gyara jiya-jiya, me mutanen da suka zo kallo za su ce a kan Kamilu? Na yi fushi, na yi kuka, na yi lallashi, duk a banza. Na koma gida ina cewa tsufa ne, ba ta gane haɗarin ba.

Washegari da hantsi sai ga Ummi a ƙofata da tabarmarta da jakar makaranta. Ta ce Inna ta ce ta cika shuri a barci tana fama mata gwiwa, ta zo ta zauna wurin Goggo sai bayan damina. Yarinyar da tun yaye take kwana a bayan Inna, wadda in ta yi jinkiri a Islamiyya Inna ba ta iya cin abinci. Na saka mayafi na tafi gidan. Na tarar Inna ta karɓi makullin ɗakinka ta sa an kai akwatin kayan Ummi can, da buzun Baba da Alƙur'aninsa. Har kazar nan mai 'yan tsaki da ke kwana a bayan ƙofarta ta mayar da ita kicin. A ƙarƙashin farin rufin nan ba abin da ya rage sai gadonta da dardumarta da ita kanta. Yaya, Inna ta sani. Ta riga ni sani. Ta fitar da duk abin da take jin tsoron ta rasa, ta zauna ita kaɗai don kada a ce aikin Kamilu bai yi ba. Tun ranar ban sake cin abinci na ji daɗinsa ba, wallahi tsoro nake ji.

Abin da nake roƙonka, kada ka kira Kamilu ka zazzage shi, na san halinka. In ka yi haka Inna za ta ƙara kafewa ne. Ita za ka kira, don tun rasuwar Baba ba ta taɓa tsallake maganarka ba. Ka ce mata ta koma ɗakinka, ka ba ta kowane dalili da ba zai taɓa Kamilu ba. Malam Hussaini ya yi magana da kafinta, ya ce in aka cire silin ana iya shigar da sabon katako ta ƙasa a ɗaure kwanon, farin shafen ya zauna yadda yake, daga titi ba wanda zai ga bambanci. Amma sai ta fita tukun. Kada ka bari sai ƙarshen mako. Yanzu haka da nake rubutun nan gabas ta fara duhu, kuma iska ta ɗauke cak.

Ka gaishe da Anti Mashkura, da Haisam da Ziyad, a ce Goggo tana kewarsu. Malam Hussaini yana gaisuwa, Baba Adama ƙanwar mahaifinmu ma ta ce a gaishe ka da kyau. Ummi tana nan kusa da ni tana gaishe da Abbanta. Ta ce in tambaye ka yadda ake daina shuri a barci, don tana so ta koma wurin Inna. 

Allah ya kiyaye mana ita, ya sa ka ga saƙon nan da wuri.

Taka ƙanwa,
Zulaihatu