Baffana ya ce na gaji haukar Kaka

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni malamin Islamiyya ne a Batsari, makarantar ta gidanmu ce, Baffana ke riƙe da ita. Tun da 'yan bindiga suka tare motarmu a hanyar Runka na kasa komawa daidai. Ina cikin karantarwa sai ƙirjina ya hau bugawa, gumi, numfashi ya sarƙe, in ji kamar mutuwa zan yi a wurin. Na je asibiti a Katsina, aka ce zuciyata lafiya lau, ciwon fargaba ne, aka haɗa ni da wata likita. Zama muke yi muna magana, ta koya mini yadda zan ja numfashi idan abin ya taso, da yadda zan daina gudun shiga mota. Wallahi na samu sauƙi, har kasuwar Wagini na je ni kaɗai.

Baffa na jin labari ya tara 'yan gida, wai na tona asirin zuri'a gaban mace, wai haukar Kaka ce ta biyo ni. Kakan nan namu Turawan mulki suka ɗauka soja, ya dawo daga yaƙin Bama ko kwano ya faɗi sai ya shige ƙarƙashin rumbu yana makyarkyata. Mari 'yan gida suka sa masa a ƙafa, a ciki ya rasu. Kakata ta sha gaya mini tana hawaye cewa bai taɓa dukan kowa ba, sallah ba ta wuce shi, tsoro ne kawai. Ranar da likita ta yi mini bayanin ciwona na gane abin da aka yi wa bawan Allahn nan. Na faɗa wa Baffa haka a gaban kowa, ya ce ni marar kunya ne.

Yanzu ya karɓe ajina, ya aika wa surukaina wai su yi hattara da 'yarsu. Sharaɗinsa in daina zuwa Katsina, in ce tofinsa ne ya warkar da ni. Ban ƙi addu'a ba, kullum ina yi, amma ƙaryar nan ta tsaya mini a wuya. Ga ƙanena da muke cikin motar tare ranar da aka tare mu ya fara irin nawa, yana ɓoyewa.

In yi shiru in koma ajina, ko in kama hannun ƙanena mu tafi asibitin kowa na gani?